Takardar Cikin Layar Gwaggo

Ranar da na gaya wa babanmu Luke cewa Jamusanci nake koyo a jami'a, sai da ya rage muryar rediyonsa ya dube ni sama da ƙasa.

"Jamusanci kuma, Rahab? Me za ki yi da shi? Ai Jamusawa Hausa suke ji. Kullum da yamma ina sauraronsu a nan, Hausarsu ma ta fi taki fita."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce masa tarihi ne babban darasina a jami'ar Badun, amma ƙa'ida ce sai ɗalibi ya haɗa da wani ƙaramin darasi a gefe. Abin da ban gaya masa ba shi ne, ba wani hangen nesa ne ya kai ni ba. Ranar rajista layin masu son Faransanci ya kai bakin titi, teburin Jamusanci kuwa wata tsohuwar Baturiya ce zaune ita kaɗai tana fifita da takarda, ni kuma takalmina yana cin ƙafata. Baba ya ce to, Allah ya sa albarka, ya mayar da muryar rediyonsa. Kafin hutun ya ƙare duk Gidan Kanya, ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Danja, ba mai kirana Rahab, sai 'Yar Jamus.

Mu tara ne a ajin, malamarmu kuma ita ce tsohuwar nan, muna ce mata Frau Rehm. Ranar Juma'a da yamma takan yi abin da take kira darasin al'ada, wanda ba ya fitowa a jarrabawa: waƙoƙinsu, abincinsu, da wani tsohon rubutun hannu da kakanninta suka yi amfani da shi kafin a daina, mai tsini-tsini kamar an jera ƙayar aduwa. 'Yan ajinmu sulalewa suke yi. Ni ina zuwa, domin takan kawo wani burodi mai zaƙi da take toyawa da kanta, abincin makaranta kuwa wake ne safe da dare. Ta raba mana wata bugaggiyar takarda mai tsofaffin baƙaƙen a gefe guda, na yanzu a ɗaya gefen. Na cusa tawa cikin ƙamus na manta da ita.

Hutun Kirsimati na 1979 na sauka daga jirgi a Funtua ranar Laraba, na hau motar ɗaukar auduga zuwa gida. Tun daga ƙofa na san ba lafiya, domin ban ji muryar Gwaggo ba. Gwaggo Mairamu yayar babanmu ce, mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ita ta goye ni. Mace ce da in tana gida har maƙwabta sai sun sani. Ita ke buga tulu a zumuntar mata, ita ke ɗaga waƙa, ita ke faɗa da duk wadda ta makara. Na same ta zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi, ba ta ko waƙa.

Baba ne ya ja ni gefe ya ba ni labari. Makonni uku da suka wuce jiri ya kwashe Gwaggo a gonar auduga. Matan da ke tare da ita suka sassauta mata zane don ta sha iska, sai ga wata tsohuwar laya ɗaure a ƙugunta. Mu kuwa iyayenmu Maguzawa ne kafin su karɓi bishara, kuma abin da kowa ya fara yi ranar da ya tuba shi ne ƙona layu da guraye da kayan bori a gaban jama'a. Shekara ashirin da shida Gwaggo tana cikin ikilisiya, ashe wannan ɗaya ba ta taɓa kai ta wuta ba.

Dattawa suka farke fatar, suka sami wata takarda a ciki. Aka kai wa Malam Abdussamad, maƙwabcinmu Musulmi, ya juya ta ya ce wannan ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne, babu ruwansa. Aka ba Malam Sulemanu, hedimastan firamare kuma magatakardan dattawa, ya sa tabarau ya ce ba Turanci ba ne, ba ma boko ba ne. To, rubutun da malamin allo bai sani ba, malamin boko bai sani ba, na wane ne? Ga kuma hoton wani tsuntsu a ƙasa ya buɗe fikafikai da farata. Baba Sada, babban dattijon ikilisiya, ya ce ba sai an wahala ba, rubutun iskoki ne. Ya ce da kunnensa ya sha jin kakanmu Maitama yana bugun ƙirji yana cewa agana ba ta kama mai wannan takarda. In wannan ba tsafi ba ne, mene ne tsafi?

Suka mayar mata da takardar, suka ce da hannunta za ta ƙona ta. Ta ce ba za ta ƙona ba. Aka sa ta a horo: ta koma bencin baya, ba tulu, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji. An ba ta zuwa Asabar mai zuwa. In ta ƙi, za a cire sunanta daga littafin ikilisiya, ranar da ta mutu kuma ba fasto, ba waƙa a bakin kabarinta.

Ba zan yi ƙarya ba, haushinta na fara ji. Na je na durƙusa na gaishe ta, ban ko bari ta gama amsawa ba na ce, "Haba Gwaggo, a kan guntuwar takarda za ki zubar da shekara ashirin da shida? Ki ƙona abin nan kowa ya huta mana!"

Ta tsayar da mazarinta. "Ke har yaushe aka yaye ki? Gidan ubana ya rushe, gonarsa an raba, kabarinsa an yi noma a kai. Abin da hannunsa ya taɓa da ya rage a duniya ke nan. In ke ce, za ki ƙona Luke?"

Don kawai in rufe kunyata na ce ta nuna mini in gani. Ta ciro ta daga ƙasan tasa, ta warware a hankali. Takarda ce da ta koma ruwan ƙasa, zufa ta cinye gefenta, ta tsage a kan kowane ninki. Ina ɗora ido a kanta wata dariya ta kuɓuce mini, har Gwaggo ta ɗaga hannu za ta kai mini duka.

"Gwaggo, iskokin nan na san su! Na ci burodinsu ma!"

Rubutun Frau Rehm ne na ranar Juma'a, sak. Tsuntsun kuma hatimin gwamnatin Jamus ne na zamanin da. Na tambayi Gwaggo ina kakanmu ya haɗu da Jamusawa. Ta ce yana saurayi ya bi fatake har ƙasar Adamawa, ɓangaren da ke hannun Jamusawa a lokacin, ya shekara uku, ya dawo da takardar nan da wata hular ƙarfe da daga baya aka mayar kwanon kaji.

Na shiga fahariya tun kafin in karanta komai, na ce gobe da hantsi an gama magana. Ashe gane rubutu daban, karanta shi daban. Ranar Alhamis na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ga ƙamus, ga takardar baƙaƙen Frau Rehm, na duƙufa. Wanda ya yi rubutun nan sauri yake yi, kuma Allah ya isa tsakanina da shi. Baƙi uku kama ɗaya, sai ka ƙirga tsini kafin ka san wane ne wane. Sai da azahar ta yi na tono layin farko: ɗan dako Maitama, mutumin ƙasar Katsina. A ƙasa kuma ga sunan gari, Garwa, ga shekara, 1913. Ban taɓa ganin kakan nan nawa ba, ga shi yau a rubuce.

Daga nan na cije. Kalmar da ke biye na karanta ta "Packen", wato ƙunshin kaya, na ce daidai ne, ɗan dako ai da kaya aka san shi. Amma me aka yi masa game da kayan? Jamusawa suna da wata muguwar ɗabi'a, sai su ɓoye aikin da aka yi a can ƙarshen magana, kana jira kamar mai jiran jirgin Ƙaura. To, ƙarshen nan daidai kan ninki ya faɗo, tsakiyar kalmar ta cinye, saura kai da wutsiya. Na gwada wannan na gwada waccan. An biya shi? An kore shi? Har na ce kada dai a ce kama shi aka yi da satar kaya, in je gaban dattawa in wanke Gwaggo daga tsafi in jefa ubanta cikin sata.

Ranar Juma'a Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Rahab, in ba ki iya ba ki bari. Kunya ɗaya ta ishe mu, kada ki ƙara mana ta biyu." Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san da gaskiyarsa. Shekara biyu kacal na yi ina Jamusancin nan, shi ma a gefe, awa uku a mako. Na kifa ƙamus na zauna ina hawaye, ina jin haushin kaina da duk ranar da na je ajin Frau Rehm ido na kan faranti.

Gwaggo tana gefe tana kaɗinta, ba ta lallashe ni ba, ita ba ta iya lallashi ba. Sai ta hau mita ita kaɗai. "Sada da bakinsa kamar gaske. Wai ubana yana bugun ƙirji. Ƙarya ya yi? Shekarar da agana ta shigo garin nan kowa gudu ya yi ya bar nasa. Baba ne ya bi ɗaki-ɗaki yana ba su kunu, shi ya binne waɗanda suka mutu, ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Uwar Sadan ma wa ya yi jinyarta?"

Na ɗago kai. Kwana biyu ina neman amsa a cikin ƙamus, alhali tana cikin ƙarar da aka kai Gwaggo. Na buɗe ɓangaren Turanci na nemi sunan agana. Ga ta nan: "Pocken". Baƙi ɗaya ne ya raba ta da kalmar kaya, kuma a tsohon rubutun nan baƙaƙen biyu ɗan lanƙwasa ne kawai tsakaninsu. Da na samu wannan, kalmar da ninki ya cinye ta cika kanta da kanta. Na yi wani ihu da ya watsa kajin gidan.

Asabar da hantsi dattawa bakwai suka zauna a cikin majami'a, Fasto Matta a tsakiya. Matashi ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma ka ga fuskarsa ka san maganar nan ta hana shi sakewa. An ajiye kasko da garwashi a bakin ƙofa. Jama'a sun cika tagogi. Mace ba ta magana a zaman dattawa sai an tambaye ta, balle yarinya, saboda haka na durƙusa na ce, "Baba Fasto, iyayena, ina roƙon ku ba ni izini in karanta muku takardar nan kafin a yanke hukunci."

Malam Sulemanu ya yi wani murmushi. "Abin da ya gagare mu?"

Fasto ya ce a bar ni. Na miƙe, na karanta da Jamusanci tukuna, da ƙarfi, ina kakkafa harshe yadda Frau Rehm take yi. Masu leƙe ta taga suka ja da baya, wata ma har da kiran sunan Yesu. Sannan na fassara: "Ɗan dako Maitama, mutumin ƙasar Katsina, yau an yi masa lambar rigakafin agana. Garwa, tara ga Maris, 1913. Sa hannun likita."

Na ce, "Iyayena, kakana bai yi ƙarya ba, agana ba ta kama shi. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauka takardar ce ke tsare shi, alhali abin yana cikin dantsensa. Shekarun baya da masu lamba suka zo da bindigarsu ta allura, ba a farfajiyar nan aka yi layi ba? Kowa ya taɓa dantsensa. In wannan tsafi ne, to duk muna ɗauke da shi, har Baba Fasto."

Wallahi sai ga hannun Fasto ya tafi kan dantsensa bai sani ba. Dariya ta ɓarke a tagogi.

Baba Sada bai yi dariya ba. Ya buga sandarsa a ƙasa. "Yarinya ta ga za a kori gwaggonta, ta zo tana yi mana gwaranci. Wa zai ce ta yi daidai, wa zai ce ta yi kuskure? Ko cewa ta yi wasiƙa ce daga Bulus Manzo, da me za mu musa?"

Raina ya ɓaci, amma tambayarsa tambaya ce, kuma na shirya mata. Na ce, "Gaskiyarku, Baba. Kada ku yarda da ni. Akwai ɗan gajeren layi a ƙasa da na tsallake da gangan. Ga takardar baƙaƙe bugun inji, ba ni na rubuta ba, ga ƙamus. Malam Sulemanu baƙo ne a garin nan, bai taɓa ganin kakana ba. A ba shi ya fitar da layin da kansa, ni zan fita waje."

Na fita na tsaya a rana kusa da kaskon garwashin. Ban taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba. Ina jiyo ƙarar alli a kan allon makarantar Lahadi, ina jiyo hedimasta yana tsaki, yana gogewa, yana sakewa. Na ce a raina, in mutumin nan ya ƙirga tsini ɗaya ba daidai ba, mun kaɗe. Can sai na ji muryarsa ta canza, ta koma irin ta yaron da lissafi ya fito masa.

"Kai! Kai! Abin fa yana fita! Ku kira ta!"

Na shiga na same shi alli har a goshi, ya rubuta kalma huɗu a allo, ya sa fassarar kowace a ƙasa. Ya gyara tabarau ya karanta wa dattawa da alfahari, kai ka ce shi ya je Badun: "Dantsen hagu. Tsaga huɗu."

Kowa ya juya ga Baba Sada. Tsohon ya daɗe yana kallon allon, ko da yake bai iya karatu ba. Sannan ya ɗaga hannun damansa a hankali, ya ɗora a dantsensa na hagu, ya taɓa wuri huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

"Ni na wanke gawarsa," in ji shi. "Mun ɗauka tsagar wani dodo ce ya yi a can."

Ya sunkuyar da kai. Fasto Matta ya ɗauki takardar da hannu biyu, ya dube ta, ya ce, "Ashe mako uku muna shari'a da katin asibiti." Sannan ya juya ga Gwaggo da ke zaune a ƙasa. "Mama, tambaya ɗaya ta rage, dole in yi ta. Zuciyarki ta taɓa dogara ga takardar nan?"

Gwaggo ta ce, "Ɗana, ni ban taɓa roƙon takarda komai ba. Da kun tambaye ni haka tun farko, da ba ku ɓata gawayinku ba."

Aka ɗage horo nan take. Matan zumunta da ke waje suka ɗauki guɗa, wata ta juye ruwa a kaskon, hayaƙi ya tashi. Babanmu ya riƙe hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma, yana ta faɗa wa duk wanda ya matso, "Jamusanci take karantawa. Ni na ce mata ta dage." Na bar shi da wannan, ranar farin ciki ce.

Washegari Lahadi majami'a ta cika har waje, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Ista. Gwaggo ta shigo da farin ɗankwalinta, ta wuce kai tsaye layin gaba, ta karɓe tulunta daga hannun wadda aka ba riƙo ba tare da ta ce mata sannu ba. Ta buga shi ranar kamar za ta fasa.

Da aka zo cin Jibi, babban dattijo ne ke zagayawa da farantin gurasa. Baba Sada ya taho yana jan ƙafa, ya tsaya a gabanta, ya miƙa. Gwaggo ba ta ɗauka ba. Ta naɗe hannuwanta a cinya tana kallonsa. Waƙa ta mutu a bakin mutane, ni kuma na ce a raina, yau kuma me tsohuwar nan za ta jawo mana?

"Sada," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma har baya an ji. "Mutumin da ya ba uwarka kunu ran da kowa ya gudu, tun da aka gina ɗakin nan ba a taɓa kiran sunansa a ciki ba. Kira shi."

Tsohon ya dubi Fasto. Ya juyo, idonsa ya cika da ƙwalla, ya buɗe baki.

"Maitama," ya ce. "Allah ya sāka wa Maitama."

Gwaggo ta ce amin, ta miƙa hannu ta ɗauki gurasarta.